Allon Shan Mai da Makunnin Totur: Yadda Ake Gano Mai Laifi a Tsohuwar Mota

Mai jirgin ruwa a bakin tafkin Kainji ba shi da allo, ba shi da allura. Amma ka tambaye shi galan nawa zai kai shi ƙetare daga Wara ya dawo da shi, zai gaya maka babu inda-inda, don kullum da hannunsa yake ɗaga jarka ya ji nauyinta. Direban Golf da ke jiran lodi a tasha kuwa, ga allo a gabansa yana ta ƙyafta lambobi, amma sau da yawa bai san haƙiƙanin abin da motarsa ke sha ba. Iyakar saninsa mai ya cinye balas. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ɗaya ta daina zama abin kau da kai.

Daga nan sai gareji. “Oga, motar nan ta koma rariya.” Bakanike ya kasa kunne, ya ce nozul ne. A canza. Bayan mako guda a ce famfon mai ne. A canza. Daga ƙarshe a ɗora wa ƙwaƙwalwar motar laifi, wadda kanikawa ke kira burenbos, a ba da shawarar a mayar da ita kafireta kowa ya huta. Alhali sau da dama mai laifin wani ɗan makunni ne da bai wuce gidan ashana ba, maƙale a jikin maƙogwaron inji. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Waɗanda ake tuhuma a wannan shari'a uku ne: allon da ke ba da labari, makunnin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda ƙafarka take, da injin kansa. Kowanne da yadda ake yi masa tambaya, kuma jerin yana da muhimmanci. Wanda ya fara daga ƙarshe zai kashe kuɗi a banza.

Allon iri biyu ne

Kafin ka taɓa sifana, san irin allon da ke gabanka.

Na farko shi ne mai aiki da zuƙar iska. Irinsa ne a jikin Mercedes 190, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, da tsofaffin Bi-but masu shan fetur. Wani siririn tiyo ne ya taso daga manifol ya ratsa zuwa bayan maleji. In totur yana rufe, fistin suna zuƙa da ƙarfi ba su samun isasshiyar iska, sai allura ta kwanta hagu. In ka taka, ƙofa ta buɗe, zuƙar ta yi rauni, sai allura ta nufi jan layi a dama. Wannan allon bai taɓa ƙirga ɗigon mai ba. Nauyin ƙafarka kawai yake aunawa. Golf 2 da yawa masu allon lissafi su ma da irin wannan tiyon suke ƙiyasta shan mai.

Na biyu shi ne mai lissafi da lantarki, irin na BMW E30 da E34, da Golf 3 masu wannan allo, da Peugeot 406, da Opel Vectra. Shi labari biyu yake karɓa. Ƙwaƙwalwa tana gaya masa tsawon lokacin da ta buɗe nozul, na'urar gudu tana gaya masa nisan da aka yi. Sai ya raba wannan da wancan ya rubuta. Riƙe wannan da kyau, don duk sauran bayanin a kansa ya tsaya: allon ba ya ganin mai. Umarnin da aka ba nozul yake ji. Man da ya bi ta wata hanya, ko nozul ɗin da ya zuba fiye da abin da aka umarce shi, ba ya shiga lissafinsa.

Ka kuma duba da wane ma'auni yake magana. Motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano galibi lita a kilomita 100 suke nunawa, inda ƙaramar lamba ita ce alheri. Na Ingila da Amurka mil a galan suke nunawa, inda babbar lamba ce alheri. Galan ɗin ma ba ɗaya ba ne: na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79, na 'yan bumburutu a bakin titi lita 4. Don mayar da lambar zuwa lita a kilomita 100, raba 282 da ita in motar ta Ingila ce, ko 235 in ta Amurka ce. Akwai wanda ya yi wata yana zargin motarsa, ashe karatun ne ya juya masa.

Abin da makunnin totur ke yi

Idan ka taka totur, waya kake ja, ita kuma ta buɗe wani ɗan ƙyaure mai zagaye a cikin maƙogwaro don iska ta shiga. A kan sandar wannan ƙyauren aka ɗaura makunnin. Tun shekarun 1970 da kamfanin Bosch ya yaɗa tsarin L-Jetronic, sannan Motronic a 1979, aikinsa bai wuce faɗin kalma biyu ba: “ya ɗage ƙafa” da “ya taka har ƙasa”.

Idan ƙwaƙwalwa ta ji “ya ɗage ƙafa”, abu biyu take yi. In mota tana tsaye, sai ta karɓi ragamar silo, ta riƙe shi daidai ko an kunna fitila ko na'urar sanyi. In kuwa mota tana gudu cikin giya, inji yana juyi sama da wani mataki, sai ta datse mai gaba ɗaya, ta bar tayoyi su riƙa juya inji. Ba ta sake sakin mai sai juyin ya sauko kusa da silo ko ka sake takawa. Duk gangara, duk rage gudu gaban rami ko shingen bincike, kyauta ce take ba ka.

Idan ta ji “ya taka har ƙasa”, sai ta ƙara mai don ƙarfi, ta daina sauraron na'urar da ke sansanar hayaƙi a salansa.

Daga nan alamomin cutar suke fitowa, kuma huɗu ne:

Idan bakin silo, wato mai faɗin “ya ɗage ƙafa”, ba ya haɗuwa, ƙwaƙwalwa ba ta taɓa sanin ka ɗage ƙafa ba. Silo zai yi sama ko ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa mutuwa a mararraba, salansa ta riƙa tas-tas in ka saki totur, allo kuma ba zai faɗi zuwa sifili a gangara ba.

Idan bakin silo ya maƙale a haɗe, ƙwaƙwalwa tana zaton ƙafarka a ɗage take alhali kana takawa. Juyi na hawa sai ta datse mai, ya faɗo, ta saki, ya sake hawa. Motar ta riƙa fizga kamar doki mai gardama, lambar allo tana tsalle tare da ita.

Idan bakin ƙurewa, wato mai faɗin “ya taka har ƙasa”, ya maƙale a haɗe, mota tana shan mai irin na mai tsere ko da a hankali kake tafiya: baƙin hayaƙi, fulogi baƙi ƙirin, warin ɗanyen fetur.

Idan bakin ƙurewa ba ya haɗuwa, mai ba zai ƙaru ba, amma za ka ji kasala wajen wuce tirela ko hawan tudu da lodin albasa.

Mataki na farko: tambayi tanki

Wannan gwajin ba ya buƙatar kayan aiki, kuma shi ne alƙali. Je gidan man da ka yarda da mitarsa, a cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa karon farko. Kada a ƙara, kada a jijjiga mota. Rubuta lambar maleji, ka goge matsakaicin da allo ya tara don ya fara sabon lissafi. Yi aikinka na yau da kullum, Wara zuwa Yelwa ne ko Yelwa zuwa Kontagora, har ka haɗa kilomita 250 ko 300. Koma famfo ɗaya, tsaya a wuri ɗaya, a sake cikawa kamar farko. In malejinka ya mutu, kamar na motocin haya da yawa, manhajar taswira ta wayar hannu za ta ƙirga maka nisan.

Ninka litocin da suka shiga sau 100, ka raba da kilomita. Misali, lita 24 a kilomita 300 ya ba da lita 8 a kilomita 100. Yanzu gwada da abin da allo ya ce.

In sun yi kusa, bambancin bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, allon mai gaskiya ne. In lambar ta yi yawa, to da gaske ƙwaƙwalwa tana ba da mai da yawa, kuma makunni na cikin sahun farko na waɗanda za a tuhuma.

In allo ya ce 11 tanki ya ce 8, motarka lafiya lau, allon ne ke ba ka tsoro.

In allo ya ce 6 tanki ya ce 10, mai yana fita ta hanyar da ba a ƙirgawa. Duba yoyo a tiyo, tsatsa a tanki, nozul mai ɗiga, ko famfon da ya fi ƙarfin motar. Ka kuma duba inda motar ke kwana da wanda ke riƙe da makullin tanki. Ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na biyu: gwajin ɗage ƙafa

Wannan na masu allon lantarki ne da ke nuna shan mai na nan take. Nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ba cikin gari ba, ba ranar kasuwa ba, ka ɗauki wani ya riƙa duba maka allo. Bari inji ya yi zafi sosai, don ƙwaƙwalwa da yawa ba sa datse mai da wuri in yana da sanyi. Sa giya huɗu, kai allurar juyi tsakanin 2,500 da 3,000, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya, ba tare da taɓa kuloci ba.

Cikin daƙiƙa biyu ko uku lambar ta faɗi zuwa 0.0, ko allura ta kwanta a ƙarshen ɓangaren tsimi, ka kuma ji inji yana ɗan riƙe motar. In haka ta faru, bakin silo yana aiki. In lambar ta tsaya a 2 ko 3 ta ƙi sauka, sa tsinin takalminka ƙarƙashin totur ka ɗago shi sama. In nan take ta faɗi, makunnin lafiyarsa ƙalau. Wani abu ne ke hana ƙyaure komawa gida.

A nan ya kamata a yi maganar wata ɗabi'a. Direbobi da yawa suna jefa mota firi a gangara da sunan tsimin mai. A motar injekta hasara ce: a firi inji yana shan man silo, a cikin giya kuwa ba ya shan komai. Ga shi kuma ka ɗora wa birki nauyin mota da fasinja shi kaɗai.

In allonka matsakaici kawai yake nunawa, kamar na Golf 3, wannan gwajin ba zai fito fili ba. Wuce zuwa na gaba.

Mataki na uku: ido da kunne

Kashe inji, zare makulli, buɗe bonet. Kada a sha taba kusa, a kuma ajiye bokitin yashi ko abin kashe wuta a gefe.

Fara daga cikin mota. Tabarmar ƙasa da ta naɗe ƙarƙashin totur ko ta danne shi ta sha jawo wa mutane asarar sayen kaya. Sannan bi wayar totur zuwa maƙogwaro. Taɓa ta da yatsa: dole ta kasance da ɗan sassauci, kamar milimita ɗaya ko biyu. In ta ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka, an ja ta ne don mota ta riƙa amsawa da sauri, kuma ita ke hana ƙyaure rufewa.

Sai ka duba ɗan sukurun da hannun ƙyaure ke sauka a kansa. Daga kamfani ake saita shi, sau da yawa da ɗigon fenti a kai. Wannan sukurun shi ne wanda aka fi zalunta a garejinmu. Mota ta zo tana mutuwa saboda datti, yaron gareji ya murɗa shi ciki, silo ya tashi, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Bai san an buɗe ƙyauren ya wuce inda makunni ke haɗuwa ba. An warkar da tari, an kawo ciwon aljihu. In ka ga fentin ya fashe, ka kama bakin zaren.

Cire babban tiyon iska ka leƙa. Ƙurar hunturu da ta hanyar Malando zuwa Ngaski, in ta gamu da tururin baƙin mai, takan zama wani baƙin danƙo a gefen ƙyaure. Goge shi da tsumma da ruwan wanke kafireta, ka kiyaye kada ruwan ya gangara cikin makunni.

Yanzu kasa kunne. A wuri mara hayaniya, juya hannun ƙyaure a hankali da yatsa. A yawancin makunnan Bosch, da ya fara motsi za ka ji ɗan ƙas. Sake shi a hankali, ka sake jin ƙas dab da ya zauna. In babu ƙara, ko sai ka sake shi da ƙarfi ya bugu sannan ta fito, saiti ya goce.

Zare soket ka duba bakinsa. Kore-kore alamar ruwa ce, ko na wankin inji ko na kududdufin damina. Baƙin mai a ciki ma laifi ne. A BMW masu silinda shida na zamanin E30 makunnin yana ƙarƙashin maƙogwaro, mai yakan tsiyaya ya cika shi. Bi wayoyin da ido da hannu. Motar da ke dakon busasshen kifi da buhunan hatsi ba ta rasa baƙuncin ɓera, shi kuwa rigar waya abincinsa ce.

Mataki na huɗu: mita

Ƙara a kunne ba ta isa hujja ba, don makunni yana iya yin ƙas alhali wuta ba ta ratsa shi. Nemi mitar gwajin lantarki, irin ta masu gyaran rediyo da waya. Kada ka yarda a gwada wayoyin ƙwaƙwalwa da fitilar gwaji mai ƙwai, balle a karta waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi. Da haka ake ƙona burenbos mai lafiya.

Makunni mai baki uku na Bosch yana da lambobi a jikinsa: 2, 18 da 3. Na 18 shi ne uwa. Inji a kashe, soket a zare, sa mita a wurin da take ƙara in wayoyinta sun haɗu.

Tsakanin 18 da 2, ƙyaure a rufe: mita ta yi ƙara, lambar ta tsaya kusa da sifili. Da ka motsa shi kaɗan, ta yi shiru.

Tsakanin 18 da 3: shiru tun daga rufe har tsakiya, sai dab da ƙurewa ta yi ƙara.

Maimaita sau goma, kana ɗan ƙwanƙwasa jikin makunnin da gindin sukudireba. Wanda ya amsa sau takwas ya ƙi sau biyu, mara lafiya ne. In ya ci jarrabawa, mayar da soket, cire kan batir, zare babban soket na ƙwaƙwalwa, a sake gwajin daga can tare da mai wayarin da ya san bakunan. In ya yi a nan bai yi a can ba, waya ce ta tsinke a hanya.

Wasu motocin, kamar Golf 2 mai tsarin Digifant, ƙananan makunnai daban suke da su a waje, waɗanda hannun totur ke dannawa. Su akwai gwaji mai sauƙi: inji da zafi, mota a firi, birkin hannu a ja, riƙe juyi wajen 2,500, ka danna makunnin silo da yatsa. In inji ya faɗo ya sake tashi, saƙon yana isa. Kiyaye hannunka da fanka.

Motocin da suka biyo baya, irin su Honda Accord da Toyota na shekarun 1990, tasu na'ura ce mai auna buɗewar ƙyaure daki-daki. Waya ɗaya tana kawo wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, ɗaya tana mayar da labari. Wannan da makulli a kunne ake gwada ta, inji bai tashi ba, soket a jone, a zura siririyar allura ta bayansa ba tare da huda rigar waya ba. A rufe za ka ga kusan rabin bolt, a buɗe kusan 4.5. Abin lura shi ne tsakani: buɗe a hankali, lambar ta hau sumul babu tsalle. Inda takan cinye shi ne farkon takawa, wurin da ƙafa ta yi shekaru tana zama. Tsohuwar mita mai allura ta fi nuna wannan gurbin. Toyota da yawa suna da waya ta huɗu mai suna IDL, wadda ita ce bakin silo, ana gwada ta da E2 kamar yadda aka gwada 18 da 2.

Sai Golf 3 mai inji 1.8 da nozul ɗaya a sama, wadda wasu ke ɗauka kafireta ce don kamanninta. Tsarinta Mono-Motronic ne, ba ta da na'urar auna iska. Da buɗewar ƙyaure da juyin inji take yanke yawan mai. Saboda haka na'urar da ke gefen maƙogwaronta ba abin wasa ba ce, a kamfani aka saita ta, kada a kwance sukurorinta don gwaji. Makunnin silo nata yana can a tsinin ɗan injin da ke tura hannun totur. In tsinin ya cika da datti ko robarsa ta yage, saƙo ya yanke. A na'urar binciken Volkswagen, lamba 00516 makunnin silo take nufi, 00518 kuma na'urar auna buɗewa. A motocin da ke da soket ɗin bincike na bai ɗaya, wanda ya zama doka a Amurka daga 1996 da Turai daga 2001, lambobin su ne P0120 zuwa P0123, da P0510. Lamba tana nuna unguwar da laifi yake, ba ta kama ɓarawo. Sai an bi da mita.

Yadda ake saiti

Bi wannan jerin kada ka tsallake. Wanke maƙogwaro. Sassauta wayar totur. In an taɓa sukurun tsayawa, mayar da shi baya har ya rabu da hannun ƙyaure, sannan ka shigo da shi har ya taɓa, ka ƙara ɗan kaɗan yadda ƙyaure zai rufe ba tare da ya cije a jikin maƙogwaro ba. Sai bayan nan ka zo kan makunni.

A makunni mai baki uku, sassauta sukurorinsa biyu, kada ka cire. Ramukansu dogaye ne don ya juya. Jona mita a bakin silo, juya makunnin har ta yi shiru, sannan ka dawo da shi a hankali har ta fara ƙara. Tsaya nan, ɗaure. Ɗaurewa takan gusar da shi, don haka sake gwadawa. Masu aiki da tsanaki suna zura siririn ƙarfen auna fulogi tsakanin sukuru da hannun ƙyaure: da mafi siriri mita ta ci gaba da ƙara, da mai ɗan kauri ta yi shiru. Kowace mota da kaurinta, amma duk maganar ƙasa da milimita ɗaya ce. Daga ƙarshe daidaita waya, sa wani ya taka totur har ƙasa, ka tabbata ƙyaure ya buɗe duka.

Wasu Golf 3 na ƙarshe-ƙarshe da Golf 4 sukan buƙaci a sake koya wa ƙwaƙwalwa matsayin ƙyaure da na'urar bincike bayan wanki ko cire batir. In silo ya rikice bayan aiki, nan za a fara dubawa.

In allon ne ke ƙarya

A mai zuƙar iska, in inji yana kashe allura tana cikin ja. Da ya tashi ya yi zafi ta koma hagu. In ta zauna a ja ko yaushe, tiyo ya tsage ko ya zare. Cire shi daga manifol, ɗora yatsa a bakin, ka ji yana tsotsa. Sannan sa babban sirinji a bakin tiyon ka ja: allura ta motsa ta tsaya. In ta koma da kanta, akwai huda. Kada a bar shi haka da sunan ai allo ne kawai, don ta wannan hudar inji yake shaƙar iskar da ba a auna ba, silo ya lalace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In tiyo lafiya lau amma allura ta ƙi kwanciya hagu, to gaskiya take faɗa: inji ya gaji, ko lokacin wuta ya goce, ko ƙyaure ba ya rufewa.

A mai lantarki, tambayi tarihin motar. An canza nozul da na wata mota? An sa maleji na Beljiyam daga mai wani girman inji? An canza giyabos? Kowanne yana karkatar da lissafi. Taya ma haka. Saboda ramuka, mutane suna ɗaga Golf daga 175/70 R13 zuwa 185/70 R14. Zagayen ta biyun ya fi na farko da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka maleji zai rage maka nisa, allo ya ƙara maka shan mai da kusan wannan adadin. In allurar gudu tana rawa ko ta mutu, gyara ta tukuna. Motar da aka mayar kafireta kuwa, allonta ya zama ado, babu mai ba shi labari.

In duka biyun sun kuɓuta

Sai a juya ga inji, kuma a fara da tamastat. An saba cire shi a jona fanka kai tsaye saboda tsoron zafin Maris da Afrilu. Amma an ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95. Da sanyin asubar hunturu a bakin ruwa, motar da ba ta da tamastat takan yi tafiya mai nisa ƙwaƙwalwa tana ba ta man mai ɗumama jiki. Na'urar da ke gaya mata zafin ruwa ma tana tsufa. Irin ta Bosch tana nuna kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. In inji ya yi zafi lambar ba ta sauko ba, ka samu ɓarawon. Bayan su sai na'urar sansanar hayaƙi, matatar iska, iskar taya, da birkin da ke kamawa.

In ta tabbata sai an sayi wani makunnin, tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar da ke jikinsa, ko a Yelwa ne, ko Kontagora, ko saƙo za ka yi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tafi da mita kuma. Na Beljiyam na asali da ya ci gwaji a gabanka yakan fi sabon kwali da ba a san asalinsa ba.

Ga lissafin da zai sa ka ɗauki abin da muhimmanci. A ce laifin yana ƙara maka lita 2 kacal a kowace kilomita 100, kana kuma yin kilomita 200 a yini. Galan guda ke nan kullum. A kwana 26 na aiki, lita 104, fiye da jarka huɗu masu cin lita 25. Da wani ne ke zuwa da dare yana zuƙe maka wannan, da tuni unguwa ta ji ku.

Don haka ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Duk shan mai, rubuta lita da lambar maleji. Ranar da lissafi ya goce, kai za ka fara sani, kuma za ka shiga gareji da magana a bakinka: “Malam, tanki ya ce 10, allo ya ce 10, kuma ba ta datse mai a gangara. Mu fara da makunni.” Bakanike na ƙwarai zai ji daɗin wannan, don ka rage masa lalube. Allo yana da amfani, amma sai wanda ya saba ɗaga jarkarsa, kamar mai jirgin Wara, yake sanin ranar da ya fara yi masa ƙarya.